Ranar da Na Tuhumi Agata da Satar Hikimata

Ba zan manta da nauyin da gwangwanin madarar nan ya yi min a hammata ba, alhali ba komai a cikinsa sai 'yan takardu ashirin da bakwai. Ranar Fentikos ce, an tashi daga Misa, sujadarmu ta Lahadi, mu matan ƙungiya mun shiga ajin makarantar coci kamar yadda muka saba, kowa da jan zane ko jan ɗankwali. Kwando yana zagayawa, ya taho ta layin gaba, saura mutum huɗu ya iso kaina. Agata tana zaune a damana, gwiwarta tana taɓa tawa, tana goge tabarau da bakin zaninta. Ba ta san kwana goma sha biyu ke nan ina wasa mata wuƙa ba.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san mu ba zai ce tsohuwar nan ta haukace ne. (Ta haukace ɗin, amma sai an ji yadda aka yi.)

Ni 'yar Katolika ce a unguwar Nima, Badagartiya, na zo Accra daga ƙauyenmu ina budurwa. Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titin Maamobi tun ƙafafuna suna da ƙwari, shi ya sa ba mai kirana da sunan baftismana, kowa Mma Mai-wake. A ƙungiyarmu ta mata akwai Dagarti, akwai Farafara, akwai Kusasi, akwai Moshi, har da wasu daga Togo. In kowa ta ce yarenta za ta yi, ko ruwa ba za mu iya roƙon juna ba. Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke addu'a, da ita muke gulma.

To muna da wata al'ada. Duk ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni, Baba Katikis, dattijon da ke koya mana addini, yakan rubuta baye-bayen Ruhu guda bakwai a kan ƙananan takardu, ya nannaɗe, ya zuba a kwando. Hikima, fahimta, shawara, ƙarfin zuciya, sani, ibada, tsoron Allah. Sai ki rufe ido ki sa hannu ki ɗauki ɗaya. Wadda kika ɗauka ita za ki riƙa roƙo a wannan shekarar, safe da yamma, har Fentikos ta zagayo. Waɗanda ba su iya karatu ba sukan yi layi gaban Baba Katikis ya karanta musu. Ni kuwa ban taɓa shiga layin nan ba. Ina ni ina tsayawa a bayan yara sa'annin 'yata kowa yana kallona? Ina da Agata.

Agata Bafarafariya ce daga wajen Bolga. Shekara arba'in muna tare. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi autana, ita ta yi wa mijina addu'ar ƙarshe kafin Fada, limamin cocinmu, ya iso. Ta yi aiki a asibitin Sistoci, matan coci da ba sa aure, tun tana yarinya, tana da tabarau, tana da littafin addu'a mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi, kuma duk addu'ar da aka fara a coci ita ce take ja. In mata biyu suka yi faɗa a ƙungiya wurinta ake kai su. Kowa cewa yake Mma Agata akwai hikima. Ni kuma abin da ake cewa a kaina shi ne Mma Mai-wake akwai baki.

Duk shekara in na ɗauki takardata sai in miƙa mata ta ƙasan tebur. Ta gyara tabarau, ta duba, ta ɗan yi shiru, ta raɗa min a kunne. In na ce to ke fa, me kika samu, sai ta tura tata cikin littafi ta ce wannan tsakaninta da Ruhu ne. Ni kuwa in na koma gida sai in jefa tawa a gwangwani, don abin coci ba a yar da shi a kwata.

Ina da shekara sittin da bakwai aka buɗe ajin manya a makarantar coci, Talata da Alhamis da la'asar. Na shiga ne don haushi, wata yarinya a asibiti ta riƙe min babban yatsa ta dangwala a tawada kamar tana riƙe da ƙafar kaza. Agata ce ta sayo min littafin rubutu na farko da fensir. Ita take rako ni, ta zauna a kan benci a waje jikin taga, wai tana jirana mu koma tare. Na sha ce mata ta shigo ta taimaki malamar mana, sai ta ce a'a, kowa da aikinsa. Shekara biyu na yi ina fama. Amma ranar da na karanta allon motar unguwar Kawukudi da kaina ban tambayi kowa ba, sai da na sa direba ya jira ni na sake karantawa.

Daga nan kuma ban bar komai ba. Buhun shinkafa, kwalin magani, bayan rigar mutane a cikin mota. Wata Talata da rana ina share ƙarƙashin gado sai tsintsiya ta turo gwangwanin nan. Na ce yauwa, yau zan ga baye-bayena da idona.

Wasu takardun na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Ta shekarar da mijina ya rasu na ɗaure ta da baƙin zare daga zanen makoki. Agata ta ce min ƙarfin zuciya ce, kuma shekara guda cur ita na yi ta roƙo ina kuka a kan tukunya. Na kwance zaren, na sa yatsa a ƙarƙashin baƙaƙen. Sani. Na sake bi. Sani dai. Na ce ko idona ne. Na ɗauko ta shekarar da 'yata Marta ta kwashe kayanta ta koma Kumasi bayan mun yi wani mummunan faɗa, na gane ta don manja ya ɗiga mata a gefe. Agata ta ce fahimta. A takarda, ibada.

Sai na zazzage su duka a kan tabarma na jera. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne wannan: guda shida a cikinsu an rubuta hikima ɓaro-ɓaro. Sau shida Ruhu Mai Tsarki ya miƙo min hikima, kuma Agata ko sau ɗaya ba ta taɓa furta min kalmar ba. Abin da ta fi yawan ce min shi ne tsoron Allah. Tsoron Allah, tsoron Allah, kamar ni ce ɓarauniyar unguwa.

Na zauna a ƙasa kaina yana zafi, na fara haɗa ɗaya da ɗaya. Shekara ashirin da bakwai ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba tawa ba, tawa kyautar tana can ajiye ba wanda ya je ya karɓa. To wa ya karɓa? Wa ake cewa akwai hikima? Ashe shi ya sa take ɓoye tata takardar. Tana ganin hikima a tawa sai ta haɗiye, ta ba ni wata, ta koma gida ta roƙi tawa da sunanta. (Na sani. Yanzu ni ma in na tuna sai in rufe fuska. Amma ranar nan, da Fada da kansa ya ce min ba haka ba ne, da na ce shi ma an raba da shi.) Har na ce da ina da hikimar nan da ban gaya wa Marta maganar da ta kore ta ba. Wato har laifin bakina na ɗora wa Agata.

Maƙwabciyata Hajiya Ladi, wadda famfo ɗaya muke ɗiba shekara da shekaru, ta leƙo ta same ni a tsakiyar takardu. Na kwashe komai na gaya mata. Ta fara da tsokana, wai mu ne muke tsintar baiwar Allah a kwando kamar tumatir a kasuwar Makola. Da ta ga ban yi dariya ba sai ta zauna a bakin ƙofa.

"Mai-wake, ni ban san addininku ba, amma na san bakinki. Ki je ki same ta a ɗaki, ku biyu, ki tambaye ta."

Na ce, "A cikin mutane ta karanta min ƙarya, a cikin mutane zan karanta mata gaskiya."

Ta ce matar da ta wanke min jini a ɗakin haihuwa ba a kai ta kasuwa. Na ce ta je ta ji da tukunyarta. Ta tashi tana cewa Allah ya kyauta, ta bar ni.

Ranar Juma'a aka fara addu'ar kwana tara da muke yi kafin Fentikos. Kullum da yamma muna coci, kullum Baba Katikis yana ɗaukar baiwa ɗaya ya yi bayani, kullum Agata tana gefena. Ban taɓa yin kwana tara masu tsawo irin waɗannan ba. In ta miƙo min goro sai in ce haƙorina. In ta tambaye ni ƙafa sai in ce da sauƙi, in kau da kai. Rana ta huɗu ta taɓa min goshi ta ce ko zazzaɓi ne, ta ce gobe za ta dafo min ganye. Ta dafo kuwa, a cikin kwalba, da ɗuminsa. Na karɓa na kai gida na juye a kwata.

Kuma ba wai ba a faɗa min gaskiya ba. Baba Katikis ya faɗa da bakinsa a gabana cewa takardar kwando ba caca ba ce. Ya ce duk bakwai ɗin an riga an ba kowa tun ranar da Bishop ya shafa mana mai a goshi, takarda tuni ce kawai, don mutum ya san wadda zai fi sa wa ido. Ya kawo misalin masunta a bakin teku, wani yana tuƙa kwalekwale da hannu har kafaɗarsa ta mutu, wani kuma ya ɗaura ƙyalle a jikin sanda iska ta yi masa aikin. Ya ce baye-bayen nan su ne ƙyallen, iskar kuwa ta Allah ce. Ya ce tsoron Allah ba tsoron bulala ba ne, irin tsoron da ɗa yake yi ne kar ya ɓata wa ubansa rai. Duk na ji da kunnena. Amma ni abin da nake ji a raina shi ne, to ai ƙyallena aka sace, shi ya sa nake ta tuƙi da hannu.

Ranar Asabar na zauna da rana na yi ta bitar takardun nan har na iya karanta su ba gargada, don kar in tsaya ina in-ina a gaban mutane a ce tsohuwa ce ba ta iya ba. Hajiya Ladi ta gan ni, ta girgiza kai ta wuce.

To shi ne muka iso ajin nan, da jan zanena, da gwangwani a hammata a ƙarƙashin mayafi.

Kwando ya iso. Na rufe ido na ɗauka. Wannan karon na juya baya kaɗan na buɗe a tafin hannuna na karanta tukuna. Shawara. Na nannaɗe. Agata ta riga ta miƙo hannu ta ƙasan tebur kamar kullum. A nan ne ya kamata in tuna Hajiya Ladi. Na tuna ta kuwa, na ture ta gefe. Na ɗaga takardar sama na miƙa wa Agata ta saman tebur, na ce da ƙarfi yadda na bayan aji za su ji:

"Agata, karanta min. Bana da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta dube ni. Ta karɓa, ta gyara tabarau, ta duba takardar, ta sake duban fuskata, ta daɗe tana duba. Sannan a hankali ta ce, "Tsoron Allah."

Na miƙe. Na fizge takardar, na sa yatsa, na karanta baƙi bayan baƙi kamar yadda malama ta koya mana, na ce shawara, ga ta nan, wanda ya iya ya zo ya gani. Na zaro gwangwani na buɗe na zazzage a kan teburin Baba Katikis, wasu suka faɗi ƙasa. Na ɗaga mai baƙin zare na ce wannan ta shekarar da na binne mijina ce, ta ce min kaza, ga abin da aka rubuta. Na ɗaga mai manja. Na jera guda shidan nan ɗaya bayan ɗaya ina cewa hikima, hikima, hikima, muryata tana hawa. Wata yarinya a baya ta ɗaga waya, Baba Katikis ya harare ta ta sauke. Ya ce min, Mma, zauna mu yi maganar nan bayan taro. Na ce ba zan zauna ba, shekara ashirin da bakwai ina zaune.

Sannan na juya na nuna ta da yatsa, matar da ta dafo min ganye kwana biyar da suka wuce, na ce ɓarauniya ce. Na ce duk hikimar da kuke yabo tawa ce take ci. Na ce wadda ta saci kuɗi ma ta fi ta, don ita a cikin ɗakin Allah take sata.

Agata ba ta ce komai ba. Hannunta yana kan baƙin littafinta. Shirun nan ya ƙara tunzura ni, don na ɗauka raini ne. A kan allo Baba Katikis ya rubuta baye-bayen bakwai da alli manya-manya. Na ce in ba ƙarya take min da gangan ba, to idonta ne ya lalace, ta tashi ta karanta mana na kan allo mu gani. Na ce ta nuna mana inda hikima take a cikinsu.

Ta tashi. Ta dubi allon. Fankar sama tana ta juyawa tana ƙara. Ta daɗe a tsaye. Sai ta sa hannu biyu ta cire tabarau, ta naɗe, ta ajiye a kan tebur.

"Ban san inda take ba," in ji ta. "Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Wata a baya ta ce Yesu Mariya a hankali.

Ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo, tana magana kamar mai ikirari a gaban Fada. Ta ce a asibitin Sistoci wanki take yi da goge ƙasa. Addu'o'in duk da kunne ta haddace. Littafin wata Sista ce ta ba ta da za ta koma ƙasarsu, tabarau kuwa na zare allura ne. Ta ce shekarar da aka fara kwandon nan ni ce na miƙo mata takarda a gaban mata ina cewa, ke da kika zauna da Sistoci karanta min, ni ba zan shiga layi ba. Ta ji kunyar ta ce ba ta iya ba. Daga shekara ɗaya ta zama biyu, har ƙaryar ta yi girman da ba za ta fita ta ƙofa ba.

"Sai in dubi takarda ban ga komai ba, sai in dubi fuskarki. Abin da na ga kina bukata shi nake gaya miki. Shekarar da mijinki ya mutu me zan ce miki in ba ƙarfin zuciya ba? Yau ma na dubi fuskarki."

Sai a lokacin bencin jikin taga ya faɗo min a rai. Shekara biyu, Talata da Alhamis, tana zaune a waje a inda muryar malama take fita. Ni ina ciki ina ɗaga hannu ina nuna na fi kowa.

Mutum mai hankali a nan zai durƙusa. Ni ba ga shi an ce ba a ba ni hikimata ba? Bakina ya buɗe da kansa, da wata 'yar murya kamar ta akuya, na ce to me ya sa ko sau ɗaya ba ta taɓa ce min hikima ba.

Sai a nan ta ɗago ta dube ni.

"Ƙaryar da nake yi a coci ma ta ishe ni, Mai-wake. Wannan ko ke ba za ki yarda ba."

Wata ta fashe da dariya, ta toshe baki, sai ajin duka ya ɗauka. Ba dariyar jin daɗi ba ce, irin wadda take kuɓuce wa mutane ce in sun daɗe da riƙe numfashi. Amma a kaina ta sauka. Ina tsaye a gaban mata talatin da wani abu, gwangwani ba murfi a hannuna, takarduna a warwatse a ƙasa ana taka su. Agata ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki littafinta ta fita, ta bar tabarau a kan tebur. Baba Katikis ya sunkuya, da tsufansa da ciwon bayansa, ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya ya zuba min a gwangwani, ya ɗora ta bana a sama. Bai ce min komai ba sai, "Shawara kika samu, Mma. Ana bayarwa, ana kuma karɓa."

Ban san yadda na iso gida ba. Hajiya Ladi tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dubi fuskata ta dubi gwangwani, ta matsa min kujera da ƙafa. Da na gama ba ta labari ta ce abin da ya fi muni ba ɓarauniyar da na kira ta ba ne, wannan an san bakina. Zanen da matar ta ɗaura shekara arba'in ne na kwance mata a kasuwa. Na ce to yanzu me zan yi. (Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi wa mutum wannan tambayar ina nufinta.) Ta ce in je, in an kore ni in koma, kuma in bar bakina a gida.

Lahadi biyu Agata ba ta zo coci ba. Ta aiko wa ƙungiya cewa a nemi wata ta riƙa jan addu'a. Matan kuma ba wadda ta zage ni, gaisuwa kawai suke min su wuce, wurin zamanta a damana ba wadda ta zauna. Na je gidanta a Kawukudi da kwanon shinkafa da wake, da ƙwai da taliya yadda take so, da tabarau ɗinta a naɗe cikin hankici. Surukarta ta fito ta ce tana barci, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina jin tarinta a ɗaki. Na ajiye kwano na tafi. Na koma bayan kwana uku, aka ce ta fita, takalmanta suna bakin ƙofa. Na ajiye kwano. Karo na uku na zauna a kan dakali a rana ban ce a yi min sallama ba. Na kai awa biyu. Sai labule ya motsa, ta ce in shigo kafin in mutu a ƙofarta a ce ita ta kashe ni.

Na shiga na durƙusa, gwiwoyin nan da ko a coci sai na dafa benci. Na fara cewa ta yafe min, ta ɗaga hannu ta ce in tashi, ba ta gama fushi ba, in ta gama za ta gaya min. Ta ce ita ma tana da nata laifin, ta kai wa Fada, wannan ba ruwana. Sannan ta jawo baƙin littafin nan ta buɗe, ta juya shi ta girgiza a kan gado. Takardu suka zubo, wasu sun yi ja don tsufa. Ashirin da takwas, har da ta bana. Ba ta taɓa sanin abin da ke cikin ko ɗaya ba. Ba ta iya shiga layi ba, don kowa ya san ta iya, kuma ni da nake kusa da ita ban iya ba. Duk shekara sai ta roƙi bakwai ɗin gaba ɗaya don kar ta yi kuskure.

Ta tura min su. "Tunda kin iya, karanta. Kuma kar ki dubi fuskata, takarda za ki duba."

Na zauna a bakin gado na sa yatsa. Ibada. Sani. Ibada. Shawara. Ina karantawa tana gyaɗa kai, wani lokaci ta ce in tsaya, tana lissafin wace shekara ce. Hikima sau ɗaya tak ta fito mata a cikin ashirin da takwas. Ni mai guda shida na karanta mata ita da bakina, kuma a nan ne na gane cewa ɗaukar takarda daban, ɗaura ƙyalle daban, kuma karatun da na yi ya buɗe min ido ne kawai, bakin nan yana nan yadda uwata ta haife shi.

Ta bana ce ta ƙarshe, ba ta ko buɗe ta ba tun ranar. Na warware. Na ce ƙarfin zuciya.

Ta ce, "Ai dole. Wanda zai ci gaba da zama da ke."

Ta karɓi tabarau ta sa, ta tattara takardunta ta mayar cikin littafi. Ta ce ranar Talata in biyo mata da wuri, kuma wannan karon ba a benci za ta zauna ba. Ta ce in ta iya, duk sai ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya, in ta tarar na ƙara mata ko na rage, ta san ranar da za ta faɗa, da kuma ajin da za ta faɗa a ciki. Sannan ta buɗe kwanon, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa.